Kalmar da ta ɓata lamarin Yaya Illa

Talata, bayan isha'i, Agadez

Na gaji, irin gajiyar da digirina na fannin shari'a bai tanadar mini maganinta ba. Jandarmomi sun kama Yaya Illa da ƙwayar tramol a kansa, bayan ya kifar da motar albasa a hanyar Dabaga. Alƙali ya yi sassauci: ko kaso, ko jinya a likita har ya rabu da ƙwaya, muddin Baba ya tsaya masa.

Ni na ɗauki nauyin fahimtar da Baba. Maimakon in ce za a wanke masa jini, sai na gyara murya na ce, "Baba, ai dépendance lalura ce ta ƙwaƙwalwa, sashen masu taɓin hankali ke kula da ita."

Baba ya ajiye kofin shayinsa. "Wato in sa hannu cewa ɗana mahaukaci ne? Wanda ya fito daga kaso yana samun matar aure. Wanda ya fito daga can fa?"

Na jero hujjoji masu nauyi, ya tashi ya shige ɗaki.

Gobe da hantsi za mu koma gaban alƙali. Inna ta ce za ta shawo kan Baba bayan sallar asuba, bisa sharaɗi guda: kada in buɗe baki. Na amince.