Waƙar Innar Abokina a Kan Dutsen Muƙaɗɗam

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni kafin a zage ni, don na riga kowa zagin kaina.

Ni ɗalibi ne a nan Alƙahira, ɗakinmu ɗaya a unguwar Abbasiya da wani bawan Allah da zan kira Malam Bashir. Shekara biyar kwanonmu ɗaya. Abin da bai sani ba, duk Alhamis ina hawa Dutsen Muƙaɗɗam, zuwa wani masauki inda marubuta ke tattauna adabi da la'asar, in an yi magariba a kawo abinci, masu kiɗan jaz su hau busa. Ni dai son a ce na waye ne ya kai ni, wa na taɓa karantawa ko baiti ɗaya? Wata rana mawaƙinsu, wani Bahaushen Sudan, ya ce yana neman waƙar Hausa mai ratsa zuciya. Sai na tuna da waƙar da Bashir ya rubuta da ajami lokacin da wasiƙar rasuwar mahaifiyarsa ta iso, wata biyu bayan an binne ta. Shi kaɗai yake rera ta bayan asuba, a hankali, ba kiɗa. Na kwafe ta yana wurin darasi, na kai. Wallahi da aka rera ta da busar nan har Turawa sun yi tsit, ni kuwa ina ta washe baki kamar ni na haifi baitocin.

Na manta cewa marubutan waƙa suna rufewa da sunansu da na garinsu. Mawaƙin ya rera har wannan baitin, wani ma'aikacin ofishin jakadanci kuma ya ɗauka a kaset. Kafin Sallah kaset ya zaga gidajen 'yan Najeriya. Aka ce Bashir ya kai mamaciyarsa wurin da ake shan giya. Ɗalibai suka daina bin sa salla. Shehin da Bashir ya yi shekara huɗu yana yi masa tilawa ya ce khalas, magana ta ƙare, ba zai ba shi ijazar kammala karatu ba. Bashir ya rantse, ya yi kuka, wa zai yarda? Ina zaune a wurin, na bar shi yana ta rantsuwa.

Jibi zai koma gida hannu wofi. Jiya yana haɗa kaya ya miƙo mini littafin ajamin da waƙar ke ciki, ya ce shi ba zai iya sake buɗe shi ba. Ya ce, "Riƙe mini, ɗan'uwa. Duk garin nan kai kaɗai ne ba ka taɓa tambayata ko ni na yi ba."

In na je wa Shehi da gaskiya, wataƙila ijazarsa ta dawo, amma zai hau jirgi ya san ko mutum ɗayan nan ma bai da shi. In na yi shiru, da wace fuska zan tsaya gaban Allah? Littafin yana ƙarƙashin matashina, na kasa taɓa shi. Jama'a, me zan yi?