Sassaƙen da Lovelyn Ba Ta Sha Ba

Sabon Gari, Zariya
9 ga Yuli

Mama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar taki, yaya damina? Jikarki Albarka tana nan lafiya, surutu sai ka ce rediyo.

Sassaƙen da kika aiko wa matata Lovelyn don ta sake samun ciki ya iso, karo na uku ke nan. Mama, ko sau ɗaya ba ta sha ba. Lafiyarta ƙalau. Da ƙafarmu muka je asibiti aka yi mata tsarin tazarar haihuwa, sai ta gama karatun ungozoma a Samaru. Ni na fara kawo maganar. Har yau ban manta ranar da kika haifi autarki Miracle ba, da aka kwaso ki a amalanke jini na zuba, ina bin ku a guje ina kuka.

Shekara huɗu ana yi wa Lovelyn habaici, a dangi da coci, wai haihuwa ta ƙafe. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce shawarata ce ba. Sai ta durƙusa ta karɓi maganinki, ta yi godiya, ta hau keke ta tafi aji. Ban taɓa ganin mai zuciya irin tata ba. Ni ne matsoracin, ina gudun ki ce mun raina kyautar Allah, ki janye mana albarkarki. In fushi za ki yi, ki yi da ni.

Ɗanki,
Sati

21 ga Yuli

Sati,

Muna lafiya, gero ya yi kyau. Yaya 'yata Lovelyn da takwarar rediyo?

Na karanta takardarka, na kwana biyu ban kula kowa ba. Sakarai kawai! Ka bar ni ina yawon daji da gurguwar ƙafa ina sassaƙar itace a banza. Yarinyar nan ta fi ka, ka riƙe ta da kyau. Albarkata tana kanku.

Goma na haifa, na binne huɗu, ba wanda ya taɓa tambayata ko na gaji.

Ran Juma'a Miracle za ta shigo motar kasuwa ta zo wurinku. 'Ya'ya uku cikin shekara huɗu, duk ta lalace. Na sa mijinta gaba har ya yarda. Ka ce wa Lovelyn ta kama hannunta ta kai ta inda ta je.

Uwarka,
Jemimah