Ruwan Ɗorawa a Idon Kausar

Nasarawa Burkullu,
Lahadi, 12 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga maigidana Malam Halliru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Baba da duk mutanen gida a Anka. Yaya ƙafar Baba? Yaya gona? Mu nan sai godiyar Allah. Inna na gaishe ka, 'yarka Kausar ma na gaishe ka da irin nata yaren, wato kuka.

Tunda aka yanke layin waya a jihar nan, ga ni na koma biro da takarda kamar 'yar makaranta. Kada ka duba rubutun da jan biro, Malam, ni ba ɗalibarka ba ce. Jatau direba zai riƙa kai mana, duk ranar da ya sami man fita.

Jiki da sauƙi. Kumburin ƙafa ya saɓe, har takalmina ya shiga, kuma ina iya kwanciya da matashi biyu maimakon zaman dirshan da nake yi a da. Na riƙe abin da likitan Gummi ya gaya mana, cewa naman zuciyata ne ya saki bayan haihuwa, ba ta iya tura jini yadda ya kamata. Ya hana kunun kanwa, ya hana wankan ruwan zafi. Inna kullum sai ta yi mita, wai jego ba kanwa ba wanka ai ba jego ba ne, hutu ne. Amma ba ta matsa mini ba.

Magani ina sha. Mai sa fitsari ya mai da ni 'yar sintiri tsakanin ɗaki da bayan gida. Sai ƙaramar farar nan ta zuciya, wadda aka rubuta wa digoksin, guda ɗaya a rana. Wallahi da kaɗan ta fi ƙwayar dawa, har nakan yi mamakin me za ta iya wa zuciyar babbar mace. Don haka ranar da numfashi ya yi mini nauyi nakan ƙara ɗaya, kamar yadda ake yi da maganin ciwon kai. Abinci ne dai ba ya mini daɗi kwanan nan, ko ƙamshin miya na ji sai zuciyata ta tashi.

Akwai abin da nake so in gaya maka, amma kada hankalinka ya tashi. Da safen nan ina ba Kausar nono a bakin ƙofa, sai na ga farin idonta kamar ya sirka da ruwan ɗorawa. Na nuna wa Inna, ta duba ta ce ita ba ta ga komai ba. Wataƙila hasken rana ne. Na kasa dai daina dubawa.

Ka bar maganar zuwa nan tukuna. Hanya ba kyau, ga Baba ba shi da mai ɗaga shi sai kai. Ka sa mu a addu'a.

Taka har kullum,
Jannatu.

Nasarawa Burkullu,
Talata, 21 ga Satumba, 2021.

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Baba, da fatan Allah ya ƙara masa sauƙi. Wasiƙarka ta iso jiya, na gode da sabulu da dabino. Amma duk faɗin Anka ka rasa farar takarda, sai wannan rawaya kamar an tsoma ta a miyar manja? Da kyar na karanta, baƙaƙen sai rawa suke yi. Iyakar wasan da zan iya ke nan yau, don hankalina ba a kwance yake ba.

Malam, Kausar na da ciwon shawara. Ba hasken rana ba ne. Idonta ya yi ɗorawa shar, haka harshenta, haka tafin hannunta. Na fita da ita tsakar gida, na shiga da ita inuwa, duk ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ni kaɗai nake gani. Inna ta ce idon ɗiya fari fat kamar nono. Maƙwabta sun zo, kowa ya ɗaga ta ya ce tubarkalla. Ina tsaye ina kallon 'yata tana rinewa, su suna yaba ta. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, balle idon uwa.

Ka san dalilin da ba zan yi shiru ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan, lokacin da kake koyarwa a Tungar Daji, ni na fara ganin canji a jikin yaronmu na fari. Kowa ya ce haƙori ne, na yarda, har ya fara sanƙarewa a hannuna, Allah ya karɓi abinsa. Daga baya aka ce gubar dalma ce daga dutsen zinariya, dutsen da ni da kaina nake daka wa mutane a turmin da nake surfe. Ba ka taɓa ɗora mini laifi ba, Allah ya saka maka. Ni dai ban taɓa sauke wa kaina ba. Shekara goma sha ɗaya muna jira kafin Allah ya ba mu wannan.

Da na ƙi ci na ƙi sha, Inna ta kira Gwaggo Uwani, ungozomar unguwar nan. Ta duba Kausar, ta duba ni, ta ce akwai shawarar da ke ɓuya a cikin uwa, ba ta fitowa a ido sai ta bi ta nono, kuma uwar ce kan fara ganinta a jikin ɗa. Ta sa na tatsa a ludayi. Malam, da idona na ga nonon, rawaya kamar dakashi, alhali mun wuce wata da haihuwa. Ta kamo cinnaka ta jefa a ciki, ta ce in ya fita nono lafiya lau ne. Ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, bai fita ba.

Tun ranar Asabar ban ƙara sa ta a ƙirjina ba. Inna ta yi faɗa, ta ce a bari a gani tukuna, ni na ƙi. Muna karɓo madarar shanu daga rugar da ke bayan gari, a sirka da ruwa a ba ta da cokali. In ta ji ƙamshina sai ta yi ta lalube da baki, ni kuwa in miƙa wa Inna ita in koma bayan ɗaki in yi kukana. Ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse. Gara ta yi kuka a raye da in shayar da ita abin da zai kashe ta.

Gwaggo ta haɗa mini jiƙon saiwar rawaya da filasko, wai ya wanke cikin. Ya kuwa wanke. Kwana uku ina gudawa da amai, ƙafafuna ba sa ɗaukata. In na amayar da ƙaramar ƙwayar sai in sake shan wata, don kada zuciyar ta zauna ba magani. Duk da haka bugunta ya canza. Takan buga, ta buga, sai ta yi shiru, in riƙe numfashi ina jira, sannan ta dawo da ƙarfi kamar an buga ƙofa. A wannan shirun nake kawo kalmar shahada.

Ina jin tsoro, Malam. In wani abu ya same ni, kada ka bari a ce maka idonta lafiya. Ka kai ta asibiti ko kowa ya ce ba komai. Ka yafe mini duk abin da na yi maka.

Matarka,
Jannatu.

Gummi,
Litinin, 27 ga Satumba, 2021.

Malam,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da Baba. Daga gadon asibiti nake rubuto maka, wata ma'aikaciya ta ara mini biro.

Jatau ya iso ranar Juma'a da hantsi, ko kashe motar bai yi ba ya aiko da takardarka. Layi huɗu ka rubuta, na haddace su. Ka ce waccan wasiƙar a farar takarda ka rubuta ta, daga sabon littafi ka yago. Ka ce ka kai wasiƙuna biyu wurin Mukhtar ma'aikacin lafiya, yana karantawa ya miƙe tsaye. Ka ce kada in ƙara haɗiyar ƙaramar ƙwayar nan sai likita ya gan ni, in mai da Kausar kan nono, mu shiga mota yanzu.

Da farko haushi na ji, na ce kai ma ka bi sahunsu. Sai na ɗauko tsohuwar wasiƙar na tambayi Inna launinta. Ta ce fara. Na nuna mayafinta, wanda kwana da kwanaki nake ganin ya dafe, ta ce jiya ta wanke shi da bula. Na sa aka kawo gishiri a tafin hannu. Malam, gishirin ma rawaya na gan shi. Nan na gane. Duniya gaba ɗaya ta rine a idona, amma da yake ba abin da nake ƙura wa ido sai Kausar, a jikinta kaɗai na lura.

Likita ya ce maganin ne ya taru ya yi mini yawa. Ya ce irinsa tsakanin abin da ke warkarwa da abin da ke cutarwa tazarar kaɗan ce, ba a ƙara shi ba a maimaita shi. In ya yi yawa yakan kawo tashin zuciya, ya rikita bugu, ya sa mutum ganin komai ruwan ɗorawa. Gudawar jiƙo da maganin fitsari kuma sun zubar da wani gishirin jiki da ke kare zuciya, sai abin ya ƙara ƙarfi. Ya ce da na ƙara kwana biyu a haka, sai dai wani labarin. Na tambaye shi nonon fa, ya ce lafiyarsa lau, kuma ko a ruwan randa ka jefa cinnaka yana iya nutsewa. Bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da na fi jin sauƙi.

Yanzu ga abin da na kasa rubutawa tun farkon takardar nan. Kausar tana ɗakin yara, an sa mata ƙarin ruwa ta jijiyar kai, don sun rasa ta hannu. Madarar shanun ba ta karɓe ta ba. Tun Laraba take zawo, Inna na faɗa ina cewa shawarar ce ke fita. Maɗigarta ta faɗa, kukanta ya koma kamar na ɗan mage. A mota na sa ta a ƙirji kamar yadda ka ce, ba ta da ƙarfin kamawa, nonon ma ya janye. Yarinya lafiyayya, ba abin da ke damunta, ni na ɗauke ta daga abincinta kwana shida. Garin gyaran gira na taɓa ido.

Ba na ganin laifin Gwaggo Uwani, abin da na ce na gani ta yi wa magani. Inna tana can wurin Kausar, ni an hana ni tashi. Duk wanda ya turo ƙofar ɗakin nan sai in tsaya karanta fuskarsa kafin ya yi magana. Ka roƙa mana Allah, ka sa a roƙa a masallaci.

Taka,
Jannatu.

Gummi,
Alhamis, 30 ga Satumba, 2021.

Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Baba, Allah ya sa kuna lafiya. Jatau na jira, don haka ba zan tsawaita ba.

Bugun zuciyar ya daidaita, idona ma ya washe. Shekaranjiya na ga rigar ma'aikaciya fara tas, sai da na sa ta ta tabbatar mini. Likita ya ce zai sake duba maganin kafin a sallame ni, kuma da bakina zan maimaita masa yadda ake sha.

Tun Talata ake tura ni a keke zuwa ɗakin yara duk bayan awa biyu. Sun ce in riƙa sa ta ko ba komai, tsotson ne ke kiran nono. Kwana biyu tana kawar da kai. Yau da safe ta kama. Ta ja sau uku ta huta, ta sake ja, na ji abin nan ya tsirga mini tun daga hammata, na ga maƙogwaronta ya motsa. Inna ta fashe da kuka har aka fitar da ita waje.

Ma'aikatan sun ce zawon ya tsaya, maɗigar ta fara tasowa. Likitan yara bai ce mun tsallake ba, ya ce a ga kwana biyu. Ni ma in na dube ta gani nake kamar ta ɗan ciko, leɓenta ya yi ja. Sai dai da wannan idon na rantse a kan abin da babu, har na kusa rasa ta. Yanzu in ya nuna mini sauƙi, sai in ji tsoro ko shi ma ƙarya ne. Na tambayi Inna har ta gaji, kuma na san Inna za ta iya ɓoye mini don zuciyata.

Na ce maka kada ka zo, yau na janye. Ka nemi wanda zai zauna da Baba, ka biyo Jatau gobe da rana tsaka, lokacin da motoci ke tafiya a jere. Kai ba ka taɓa yi mini ƙarya ba, ko mai daɗi. Ka zo ka ɗauke ta, ka kai ta bakin taga, ka duba mini 'yata, ka gaya mini abin da ka gani.

Allah ya tsare hanya, ya kawo ka lafiya.

Matarka mai jiranka,
Jannatu.