Agogo Ya Tsira, Ƙafa Ta Karye

Zuwa ga Marka, inuwar tsamiyata, sanyin randa ga mai azumi, farin watan da ke fitowa ta wajen Gaya. Sallama gare ki daga Malanbil, daga ɗakin da ya zame mini kurkuku.

Na san kin yi fushi, kuma kina da gaskiya. Ranar Juma'a an dafa shinkafa gidanku, liman ya zauna, dangi sun zauna, ango bai zo ba. Tun ran nan wayarki ba ta san muryata ba. To ki saurara, ya zumar farar ƙaya, ki ji abin da ya sami tsohon ango.

Na fito da babbar riga, na sha turare har kudan zuma na bi na. Ga hammata kuwa tsarabarki ce, agogon bango da na samo wajen masu gwanjon Kwatano. Tun da anka rufe gadar da ta haɗa mu da Gaya kowa ta jirgi yake bi, kin san taɓon bakin gulbi. Na ɗaga ƙafa zan shiga, santsi ya kwashe ni. Ina faɗuwa, maimakon in dafa ƙasa kamar mai hankali, sai na ɗaga agogo sama. Agogo ya tsira ko ƙwarzane babu. Cinyata ce ta amsa.

Yanzu ga ni kwance, Haliru maɗori ya ɗaure ni da karare kamar dangar lambu. Ya ce in na motsa kafin ƙashi ya kama, ƙafar za ta ɗore a karkace har abada. Ɗiyata Munawwara ta aza kujera bakin ƙofa, ta fi jandarma tsanani, shi jandarma ko gyangyaɗi yana yi. Wayyo Marka! Gulbi tsakaninmu, gada a rufe, ƙofa a tsare, ƙafa a ɗaure. Wane tsuntsu anka taɓa yi wa keji huɗu?

Shi kuwa agogon, ya zama abokin zaman kurkuku. An rataye shi daidai fuskata. An sa masa pil, wato batir, hannuwansa sunka yi gudu kamar an kore su, sunka haɗu ga sha biyu, sunka tsaya cik. Na aika anka kira mai gyara. Ya juya shi, ya yi dariya, ya ce ba mutuwa ya yi ba, saurare yake. Wai can ƙasar Turawa akwai wata tasha da ba ta waƙa, ba ta labari, aikinta kawai ta riƙa raɗa wa agogai lokaci ta cikin iska, su kuwa su daidaita kansu. Sai dai raɗar tana gajiya cikin hamada, ba ta isowa nan. Na dubi agogon, ya dube ni. Lafiyarsa lau, ransa na ciki, amma ya rantse ba ya motsi sai ya ji murya guda, kuma muryar ba ta zuwa. Ko uwa ɗaya ta haife mu, ai iyakar kamar ke nan.

Kin tuna ranar kasuwar da kinka tsaya rumfata kina taya albasa? Rediyona ya yi wannan ɗan kukan da yake yi kafin labarai, gajeru gajeru sannan doguwa. Kinka ce wane irin tsuntsu nake kiwo cikin akwati, da ba ya kuka sai rana ta raba. Na ce miki tsuntsun sarkin aljanu ne, an ɗaure shi ya riƙa ƙirga wa duniya numfashi. Kinka rufe baki da gefen mayafi, amma idanunki sunka tona ki. Albasa ba ki saya ba, ni kuma daga ranar ban sake mallakar zuciyata ba. Bayan rufe gada, ke ce kinka ce duk sa'ad da tsuntsun ya yi kuka, in kira sunanki nan, ki kira nawa can, tunda shi iska ba ya tsayawa duwan, shingen 'yan kwastan.

Har yau ina kira, ya tauraruwar asubahina. Munawwara ta ɗauka zafin ciwo ne, ta kawo mini jiƙo. Ke fa? Kina kira, ko kin kashe rediyo? Doguwar nan ta ƙarshe in ta wuce, sai in ji shiru ya faɗo mini ga ƙirji kamar turmi.

Abin da ya hana ni haƙuri shi ne labarin da masu jirgi sunka kawo, wai ɗanki Abdurra'uf zai tafi da ke Yamai bayan kasuwa mai zuwa, tunda ango ya kunyata ku. Yamai, Marka! Ni da ko zaure ba na kaiwa? Don girman Allah kada ki shiga motar nan. Ki ce masa angon bai gudu ba, faɗuwa ya yi. Ki aiko mini da kalma guda ta bakin mai jirgi, ki ce za ki jira, in kwanta kamar gawa har ƙashi ya kama.

In ba kalma, na riga na gama magana da Issufu mai amalanke. Zai zo sa'ad da mai gadina ta tafi salla, ya loda ni tsakanin buhunan albasa, ya gangara da ni bakin ruwa. A ƙetare da ni cikin jirgi, a sauke ni ƙofar gidanku kafin mota ta tashi. Ƙafar za ta tafi, na sani, Haliru bai ɓoye mini ba.

Zaɓi ya rage gare ki, ya ruwan farkon damina: miji da ƙafa biyu wanda ya makara, ko gurgu wanda ya zo kan kari. Kowanne kinka ɗauka, zuciya ɗaya ce cikinsa, kuma taki ce har a miƙe ni gabas.

Naki a ɗaure da kwance,
Maigandi