Ƙofar Gilashi a Shagon Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu ma lafiya lau, in ban da gwiwar Baba da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Yaya, hukumar tsara gari ta fito da sabuwar taswira, kuma ta shafa wa layinmu jan launi. Wai daga yanzu tsakiyar gari ta bankuna ce da ofisoshi da manyan kantuna, masu guduma da zarto su koma bayan gari. Na je taron da suka kira. Wani jami'i yana nuna layinmu a jikin bango da ɗan sanda, ko sunan layin bai iya faɗa daidai ba. Raina ya ɓaci har na kasa zama.

Sassauci ɗaya suka yi. Tsohon wurin sana'a zai ci gaba da aiki muddin ba a taɓa gininsa ba. In aka canza ko bango ɗaya, ya zama sabon gini, sabuwar doka ta hau kansa. Shagon kafintancin Baba ya tsira ke nan, da tsohon kwanonsa da komai.

Shi ya sa nake roƙonka ka janye maganar gyaran nan. Na san tun da ka ga hoton shagon kusa da sabon otal kunya ta kama ka, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don Allah kada ka turo magina.

Ka gaida kowa.
Ƙanwarka, Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Gaisuwar ke nan, yau ba ni da wata.

Ashe wasiƙata a banza na rubuta? Ka jira sai da aka kwantar da Baba a asibiti, ina can ina jinyarsa, sannan ka turo maginan. Mun dawo muka tarar an fasa bangon gaba, an kafa ƙofar gilashi, an shimfiɗa tayil, an ɗaga rufi. Babban maginin har washe mini baki yake, wai ka ce a ba Baba mamaki. To, ya sha mamaki. Ya tsaya a bakin titi da sandarsa yana neman shagonsa.

Na san abin da za ka ce, abokinka na hukumar ya ce ba komai. Na je wurinsa. Ya bar ni a kan benci har aka tashi daga aiki, ya fita ta ƙofar baya. Washegari jami'ansu suka zo da abin awo, suka ɗauki hoto, har suna yaba aikin. Tsawon shekarun da ruwa ke malala a layin nan ba su taɓa leƙo mu ba, amma gilashi ɗaya ya kawo su da gudu.

Ina jin haushinsu, amma naka ya fi. Su ba su san Baba ba. Kai kuwa da zarton nan aka yi maka karatu, yanzu shi ne abin kunyarka. Garin neman gira ka jawo mana rasa ido.

Ƙanwarka, Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, na ji Anti ba ta jin daɗi, ina fatan jikin da sauƙi.

Hukunci ya fito. Sun ce shagon sabon gini ne, ba a yarda a sake kunna inji a ciki ba. Sun ba Baba fili a bayan gari, can bayan tashar manyan motoci, inda sai ka hau mota biyu sannan ka taka da ƙafa. Mutumin da ko masallacin layi sai ya huta a hanya.

Mai walda na kusa da mu, wanda ka ce rumfarsa kamar akurkin kaji, yana nan yana aikinsa, ba wanda ya ce masa uffan. Mu kuwa masu sayar da waya ne ke layi suna tambayar haya. Jiya aka kwashe injin yanka katako. Baba da kansa ya nuna wa masu ɗaukarsa inda za su kama don kada su ji ciwo.

Na so ya yi faɗa, Yaya. Na so ya ɗaga waya ya wanke ka tas, ko na sami sanyi. Bai yi ba. Ya hana ni gaya maka an rufe aikin, wai ka yi ne don ka faranta masa, kada ranka ya ɓaci a ƙasar mutane. Na saɓa masa, kuma ban yi nadama ba.

Ga saƙonsa, yadda ya ce in rubuta, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce ya gode, shagon ya yi kyau ƙwarai, aiki yana tafiya, Allah ya yi maka albarka.

In ka isa, ka ba shi amsa.

Ƙanwarka, Auta