Tsagar da ta Karkace

Boɗinga, 9 ga Oktoba, 1983

Zuwa ga Malama Zulai, makarantar firamare, Shagari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam Ladan da yara. Mu nan sai godiya. Keken ɗinki na juyawa, ko da yake zare ya yi tsadar da har nakan ji kamar in koma ɗinki da kaba.

Kin ce in riƙa ba ki labarin yayarki ba ƙari ba ragi, to ga shi. Wurin da aka cire nonon ya warke sarai. Allurar ciwon dajin da ake sa mata cikin ƙarin ruwa a Sakkwato an yi uku, saura uku. Duk wadda aka yi sai ta kwana biyu tana amai, baki ya yi gyambo, komai ta ɗanɗana ta ce ƙarfe ne. Warin albasa kuwa ba ta son shi ko kaɗan, a Boɗinga fa, inda ko iska da albasa take tahowa. Na koyi dama kunun tsamiya, shi kaɗai ke zama cikinta. Kada ki yi dariya, ya fi naki.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ta ce ba za ta koma allura ta huɗu ba, alhali likita ya ce in aka tsaya a tsakiya ciwon na iya dawowa. Ba aman ne ya karya ta ba. Gashinta ya zube duka, kuma tun da ta kwanta babu macen da ta kawo mata kai, ita da ake layi a ƙofarta jajibirin Salla. Kullum gidan cike yake da masu sannu, amma kowacce ta ja kallabi har gira. Ita kuwa ko ta bayan kallabi takan gane kitson Balaraba ta unguwar mahauta. Jiya ta ce mini, "Mi za ni yi da sauran kwana? Makitsiya ba gashi, ba kai gabanta."

Na yi lallashi, na yi fushi, duk a banza. Tsoro nake ji, Zulai. Ɗanliti direba zai jira amsarki ranar kasuwa.

Naki,
Surajo Tela, mijin yayarki


Shagari, 12 ga Oktoba, 1983

Yaya Surajo,

Amin wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ni lafiya. Malam na gaishe ka, ya ce Allah ya saka maka da alheri. Zancen kunu kuma sai na sha na yi hukunci.

Na yi kuka, na share hawaye, sannan na je wajen Bilkisu mai sayar da kanwa, wadda ke zuwa mana daga wajenku. Ashe ba gudun Yaya suke yi ba. Shawara suka yi a gidan suna cewa kada kowa ta wahalar da ita da kitso, kuma duk wadda za ta je gaisuwa ta rufe kanta ruf, don kada Yaya ta ga gashi ranta ya ɓaci. Su a ganinsu kara ce suka yi mata. Na ce da Bilkisu karar ta kusa kai ta kushewa.

Ni dai tun da aka yi mata aiki kaina a tsefe yake. Tun ina yarinya hannunta kaɗai na sani, ban iya zama gaban wata ba. Ina tafe ranar Juma'a in an tashi makaranta. Kada ka ce mata na ji zancen allura, ni ma ba zan tayar ba. Ka nemo kibiyar kitsonta da man shanu, ka ajiye inda idonta zai kai.

Ƙanwarku,
Zulai


Boɗinga, 18 ga Oktoba, 1983

Malama Zulai,

Gaisuwa da fatan kin sauka lafiya. Har yanzu in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai a kan keke. Kin cire kallabi kina ƙorafin ƙaiƙayi, ta dubi kan nan naki da ya cukurkuɗe kamar sheƙar kaza, ta ce, "Haka kike shiga gaban ɗiyan mutane? Zamna nan!" Rabon da in ji ta daka wa wani tsawa tun kafin damina. Kin dai ga yadda hannun daman ke gajiya, shuku ɗaya ya ci mata wuni biyu tana yi tana hutawa.

Ga abin da ba ki gani ba. Da kika juya za ki fita, ta bi ƙeyarki da kallo, sai na ga fuskarta ta sauya. Bayan motarku ta tashi ta ce tsagar tsakiya ta karkace. Na ce ni ban ga komai ba. Ta ce tela da ke karkata aljihu ina zai gani. Ranar ta shanye kunu kwano guda, har ta nemi ƙari.

Washegari Bilkisu ta zo da kai a tsefe, tana ta sunkuyar da kai don kunya. Yayarki ta sa ta jira har bayan la'asar, sannan ta yi mata.

Jibi ne ranar allura. Ban tambaye ta ko za ta je ba. Na dai gaya wa Ɗanliti ya bar mana kujerar gaba, ko da za a dace. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Surajo


Boɗinga, 26 ga Oktoba, 1983

Zulai,

Ni ce yayarki Hasiya, telan nan ke rubuta mini. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da ɗiyana.

Na gane dabararku tun da na ga kibiya bisa turmi, ku duka biyu ba ku iya ɓoyo ba. Na tahi allura. Na yi amai, ban mutu ba. Saura biyu, kuma za ni, don ba ni barin duniya da karkatacciyar tsaga bisa kan ƙanwata.

Ki taho Juma'a ta sama, lokacin hannuna ya yi ƙarfi, in kwance in sake. Kafin nan ki ja kallabinki da kyau, kada wata ta gani ta ce aikin Hasiya ne.

Yayarki,
Hasiya