Ƙafar Tankin da Na Ce Ta Yi

Zuwa ga Yaya Bitrus,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana hutawa a wurin Ubangiji. Shekara uku ke nan rabona da muryarka.

An ɗauke ni, Yaya. Wata jami'a ta ba ni gurbin digiri na uku a kimiyyar ƙarafa da kayan ƙira. Zan binciki yadda tsatsa ke cinye ƙarfe ta ciki alhali wajensa sumul. Suna jiran amsata ran Juma'a.

Da kana nan da duk unguwarmu Nukkai ta ji. Kai da ka laƙaba mini Injiniya tun ban san hanyar aji ba, kana nuna ni ga duk wanda ya kawo walda shagonka.

Ka tuna fayif ɗin ƙarfe da ka sayo na hannu a garin Mutum Biyu, sun sha sabon fenti? Ƙafar tanki za ka haɗa a gida, don Mama ta huta da ɗibar ruwa. Ka tare ni a ƙofa ka ce, "Injiniya, duba mini wannan, zai ɗauki lodi?" Ina sauri zan je bikin ƙawata. Ban ɗaga ko ɗaya ba, ban kankare fentin ba. Na ce ya yi. Ka ce, "Tunda Injiniya ta faɗa, an gama."

Ranar da aka fara cika tankin, kana ƙarƙashi kana ɗaure famfo lokacin da ƙafar ta karye.

Bayan jana'iza na tsinci guntun ƙarfen. Na matsa shi da yatsa ya marmashe kamar ƙanzo. Da ko da ƙusa na ƙwanƙwasa shi, da na gane. Yana cikin akwatina har yau. Kuma idan maƙwabta suka kunna inji, na ji ruwa na hawa tanki, ba na iya zama a ɗaki.

A ganawar da muka yi ta kwamfuta, malamar da za ta kula da aikina ta tambaye ni me ya ja ni ga tsatsa. Na ce sha'awa ce tun ƙuruciya. Ta ji daɗin amsar, ni kuwa kunya ta kama ni.

Mama har yanzu mai sayar da fayif take ɗora wa laifi. A zumuntar mata ta coci tana ta shela cewa 'yarta za ta zama daktar ƙarfe. Ba ta san ka tambaye ni ba, don ba kowa a ƙofar sai mu biyu.

Ba zan amsa wa jami'ar ba sai na faɗa wa Mama. Gobe in ta dawo daga gona zan zaunar da ita. In ta ce je ki, zan tafi. In ta kasa kallona, zan zauna ina ɗebo mata ruwa.

Tsoro nake ji, Yayana. Ubangiji ya ba ka hutawa, ni kuma ya buɗe mini baki gobe.

Ƙanwarka,
Rifkatu